Baƙon da Ya Faɗo Ana Addu'a

Ɗanjuma ya danna sakata daidai lokacin da sanda ta sauka a kan ƙyauren zauren. A bayansa Sajo makiyayi na durƙushe yana haki, jini na bin gefen kunnensa.

"Buɗe, Ɗanjuma! Fito mana da shi!"

Muryar Ishaya ce, amininsa, wanda kullum da safe suke durƙusawa a tabarma ɗaya cikin zauren nan su yi addu'a kafin su tafi gona. Yau bai zo ba. Shanun Sajo sun kutsa gonarsa da ke hanyar Gagarawa, sun ture dammunan riɗin da ya jingina don su bushe. Busasshen riɗi kuwa ko taɓa shi aka yi sai ya zube. Noman shekara guda ya bi yashi.

Ɗanjuma ya buɗe kaɗan, ya toshe ƙofar da ƙirjinsa. Samarin ikkilisiya sun cika ƙofar gida, kowa da gora.

"Ɗan'uwa, ina cikin addu'a ya faɗo. Roƙon da ka koya mini nake yi, Ubangiji ya aiko mana baƙo, kada ya tarar da ƙofarmu a rufe. Ban kai ga amin ba sai ga shi."

"Baƙo na ce, ban ce maɓarnaci ba!"

"Ai ba ka ware ba."

Talatu matar Ɗanjuma ta fito daga cikin gida da kwanon ruwa, ta miƙa wa Sajo. Ishaya ya hango ta ta saman kafaɗar abokinsa, idonsa ya kaɗa.

"Ke Talatu, har da ruwa? Ni da na fito daga tankaɗen yashi ina neman riɗina wa ya ba ni?"

"Shigo ka sha, Baban Rifkatu, amma sandar ta tsaya a waje."

Wani saurayi ya tuntsire da dariya, Ishaya ya harare shi.

"Mu kai maganar gaban dagaci," in ji Ɗanjuma. "Kafin nan riɗina na nan, mu raba."

"Bara na zo yi?" Ishaya ya tofar da yawu. "Daga yau ka nemi wani abokin addu'a. Ran Lahadi ma kada ka matso bencina. Tunda baƙonka ne, ku zauna tare!"

Ya turo ƙyauren da ƙarfi, samarin suka tokare shi da turmi da kututture. Zauren ya yi duhu. Ɗanjuma ya jingina da bango. Baƙo dai ya tsira, amini ya tafi.

Sai ga ƙarar babura daga hanyar Maigatari. Hayaniyar waje ta ɗauke. Wata muryar da Ɗanjuma bai taɓa ji ba ta yi magana a hankali.

"Wane ne mai gidan nan da ya kulle mini ƙanena Sajo?"