Tsintsiyar Baba Kumai

Shekara tara ina aiki a kotun majistare a Kafanchan, ban taɓa ganin wanda ya roƙi a kai shi gidan yari ba sai Baba Kumai.

Manomin citta ne daga Godogodo, dattijon coci mai furfura. Rikicin iyakar gona ya sa ya kwaɗa wa maƙwabcinsa ƙotar fartanya a kafaɗa, kuma bai yi musu ba. Da a da ne, wata uku zai sha a ciki. Yanzu kuwa masu ƙananan laifuka aikin gayya ake ba su, don gidan yarin ya cika. Alƙali ya yanke masa sharar kasuwa, kwana ashirin.

Ni na zaci zai yi godiya. Sai ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a kulle ni. Yarana Yemima zai yi aure wata mai zuwa. Maman mijin yana sayar da tumatir a kasuwan nan."

Nan na gane lissafinsa. A wajenmu, in mutum ya shiga gidan yari, iyalinsa cewa suke ya tafi Abuja neman aiki, kowa ya yi kamar ya yarda. Amma wa zai ɓoye dattijo da tsintsiya a tsakiyar kasuwa? Tsoronsa kada dangin ango su fasa auren.

Alƙali ya ce hukunci ya riga ya fita, kuma ni aka ɗora wa sa ido a kansa.

Kwana uku yana min wayo. Ya share layin mahauta, ya share na masu doya har sau biyu, layin tumatir kuwa ko kallonsa ba ya yi. Wallahi ya ba ni tausayi, amma ni ma ina da na gaba da ni.

"Baba, yau sai mun shiga," na ce masa ran na huɗu.

Ya ja hularsa har kan gira, ya sunkuya, ya fara. Hayaniyar layin ta ragu. A haka har ya zo kusa da rumfar Mama Milka, uwar angon, macen da ko 'yan dako ke shakkar bakinta.

Ta daɗe tana kallonsa. Na san ta ji labari tun ranar farko, kasuwa ba ta riƙe magana. Ya yi niyyar tsallake rumfar.

"Kai, tsaya," ta ce.

Ya tsaya, bai ɗago ba.

Ta miƙe, ta ɗaga kwandon tumatir ɗinta da kanta, ta nuna ƙasa da haɓa.

"Surukina, ka manta nan wurin. Ka yi sauri, akwai maganan abincin biki da ba mu gama ba."

Baba Kumai ya share wurin sau uku, ko da yake tun a na farko ya fita tas. Ban ce masa ya wuce gaba ba.