Ɗan Mai Ciyawa a Bakin Shari

Nafi'u bai taɓa cewa ba shi da uba ba. Abin da ya gaya wa abokan karatunsa a jami'a shi ne, mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai kai-komo tsakanin Damagaram da Injamena. To, mahaifin nasa, Mati, dai daga Damagaram ya zo, amma shekara talatin ke nan bai koma ba, kasuwancinsa kuwa ciyawa ce. Kullum da safe zai gangara bakin kogin Shari da lauje da tsohon kekensa, ya yanko, ya ɗaure dami-dami, ya baza a ƙofar gidansu a Sabangali, masu kiwon raguna su zo su saya. Da ciyawar nan aka sai wa Nafi'u takalmin zuwa lekol, wato makarantar boko. Duk da haka babu abin da yake tsoro a duniya kamar wani ɗan ajinsu ya sani.

A daminar 2003 Dakta Abdussamad, malaminsu na ilimin tsirrai, ya ce yana son ɗalibai shida da za su bi shi aikin ƙidayar tsirrai a gefen tafkin Fitri. Jarrabawar ba a aji za a yi ba. Za a miƙa wa kowa tsiro goma a fili, ya faɗi dangin kowanne, wanda ya kuskure ɗaya ya zauna gida.

Nafi'u ya yi karatu har idonsa ya yi ja. Ya haddace dangin wake da kwanson 'ya'yansu, dangin tumfafiya masu zubar da farin ruwa in an tsinka, dangin gero da gamba, dangin aya. Hanyar littafi ya riƙe ƙam, wato a fara daga fure, a duba da gilashi, a bi layi-layi har a kai ga suna. Kullum yana tsallake damin ciyawar da ke ƙofar gidansu da littafinsa a hammata, ko kallo ba su ishe shi ba.

Ranar Alhamis suka cika ƙaramar bas, aka yi ta jijjiga su har bayan Gassi, suka gangara bakin kogi. Suna sauka Nafi'u ya ga abin da bai zata ba. Ga keken ubansa nan jingine da bagaruwa, da igiyar roba a ɗaure a sirdi. Can gaba ga wani tsoho a duƙe, wando a naɗe zuwa gwiwa, laka har ƙwauri. Ashe masu buga bulo sun cinye gaɓar Sabangali tun bara, Mati ya koma yanka a nan. Nafi'u bai sani ba, don ya daɗe da daina tambaya.

Mati ya ɗago, ya ga ɗansa cikin farar taguwa, fuskarsa ta washe. Ya buɗe baki ke nan Nafi'u ya riga shi, da Larabcin da ake gaida baƙo a titi.

"Salam alek, shayib. Afe?" Wato sannu tsoho, lafiya?

Tsohon ya tsaya da laujen a hannu. Ya dubi ɗansa, ya dubi samari da 'yan matan da ke bayansa riƙe da littattafai. Fara'ar ta koma inda ta fito.

"Afe, Mushe," in ji shi, yana kiran ɗansa da Mushen Faransanci, wato yallaɓai, ya sunkuya ya ci gaba da yanka.

Aka shimfiɗa tabarma, aka fara. Nafi'u ya faɗi tara ba tangarɗa. Na goma ne ya tsaya masa a wuya. Wani siririn kore ne mai dogayen ganye, akuya ta riga ta cinye kansa, babu fure babu zangarniya. Ya juya shi, ya kara masa gilashi, ya bi littafin a zuciyarsa, layin farko ma fure yake nema. Ko dangin gero ne, ko dangin aya. Dakta ya dubi agogo.

Daidai nan Mati ya zo wucewa da dami a ka. Bai kalli kowa ba. Ya tsaya kamar mai gyara kaya, ya zaro wani kara daga damin, ya murza shi a hankali tsakanin babban yatsa da manuni, ya yar, ya wuce wajen kekensa.

Nafi'u ya san wannan murzar. Yana ɗan shekara bakwai, a zauren gidansu, uban ya kan zaunar da shi su tsince dami, don raguna ba sa son aya-aya, mai saye kuma in ya tarar da ita ba ya dawowa. "Murza ka ji," haka yake ce masa. "Mai mulmulewa, mai gaɓa, ciyawa ce, sa ta nan. Mai kusurwa uku, jefar."

Nafi'u ya murza tsiron da ke hannunsa. Karan ya ƙi mulmulewa, kusurwoyi uku suna cizon yatsa.

"Cypéracées," ya ce. "Dangin aya."

Dakta ya yi murmushi, ya kira sauran su matso su gani. Ya ce wannan ita ce hanyar mutanen fili, wadda takarda ba ta koya wa hannu, ya kuma tambayi Nafi'u da Larabci, cikin raha, wa ya koya masa. Mati yana taku biyar daga wurin, yana ɗaure damin a bayan keke.

"A littafi na gani," in ji Nafi'u.

Igiyar roba ta yi ƙara, an ja ta an ɗaure. Keken ya kama hanya.

Sunansa ya fito na biyu cikin shidan. A mota abokai suna ta bubbuga kafaɗarsa, shi kuwa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma babu wanda zai gaya wa.

Da la'asar ya tarar da uban a ƙofar gida yana wasa lauje. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya jira faɗa, har addu'a yake a yi masa. Mati ya zuba wa dutsen ruwa.

"Ka ci jarrabawar?"

"Na ci, Baba."

"Madalla. Allah shi yi albarka." Ya gwada kaifin da farce. "Na ji malamin naku na cewa za ku komo wurin nan. Wace rana ce?"

"Alhamis mai zuwa."

"To. Na sani ke nan."

Ya ci gaba da wasa laujensa. Nafi'u ya buɗe baki zai ba shi haƙuri, sai ga mai saye ya iso yana taya dami biyu. Haka kwana shida suka wuce yana cewa gobe.

Ranar Alhamis, tun a cikin mota, ya miƙe kansa na bugun rufi, ya faɗa da ƙarfi don kada ya fasa. Ya ce tsohon nan mai ciyawa na makon jiya sunansa Mati, ubansa ne, shi ya koya masa murza kara, kuma ya san ciyayin bakin Shari fiye da duk wanda ke cikin motar nan. Dakta Abdussamad ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce to, ai sai a je a gaishe shi, a roƙe shi ya zaga da su.

Nafi'u ya riga kowa sauka, ya gangara kusan da gudu. Babu keke a jikin bagaruwar. Ya bi gaɓar sama da ƙasa yana kiran Baba da Hausa, murya a buɗe, duk ajin na ji. Ciyawa ce kawai, kore shar, ta kai gwiwa, irin wadda mai lauje ba ya bari ta kwana. Wani masunci da ke gyaran taru ya ce tsohon ya biyo da safe, ya tsaya ya dubi wurin, ya wuce gaba da kekensa. Ya ce wai yau wurin na 'yan makaranta ne, ba ya son ya tsaye musu a hanya.