Barkonon Banda a Hawa na Sha Huɗu

Kowace safiya, kafin in ɗora ruwan shayi, sai na buɗe kwalbar nan na shaƙa. Shi ne gwajina na korona, ni Lailatu, likitar kaina.

Marisol ce ta bar mini ita, maƙwabciyata 'yar Meziko da ke karatu a jami'ar da maigidana Mansur yake koyarwa. Ranar da za ta koma ƙasarsu ta kwaso tarkacen kicin ɗinta ta jibge mini a bakin ƙofa. Ciki har da wannan garin barkono mai duhu, wai shi chipotle. Na ce wane irin suna ne haka kamar mutum ya yi atishawa? Ta yi dariya ta ce yaren kakanninsu ne tun kafin zuwan Turawa, ma'anarsa barkonon hayaƙi. Tsoka gare shi, in aka shanya a rana ruɓewa yake kafin ya bushe, shi ya sa suke kyafa shi.

"To ai banda ke nan," na ce mata. "Ku har barkono kuke yi wa banda?"

Ban taɓa zuba shi a miya ba. Amma Mansur ya tafi Kano jana'izar mahaifiyarsa, aka rufe ƙasa a bayansa, ya rage daga ni sai 'yarmu Hasna mai shekara biyar, a hawa na sha huɗu a unguwar Titiwangsa, a ƙasar waje inda ba mu da kowa. Kuma aka ce jin ƙamshi ciwon yake fara kashewa, wanda aka samu da shi motar asibiti ke ɗauke shi a killace. Wallahi ba mutuwa nake tsoro ba. Wa zan bar wa yarinyar nan? Don haka in hayaƙin ya doki hancina har na yi ƙwalla, sai in ce yau ma mun tsira.

Ranar wata Talata na buɗe, ban ji komai ba. Na girgiza kwalbar, na cusa hancina har gari ya taɓa shi. Kamar na shaƙi ruwa. Na zauna a ƙasan kicin ina lallashin kaina cewa yawan buɗewa ne ya sa ya sane.

Na kira Hasna. Ita da ko daga falo ta ji an buɗe take toshe hanci ta gudu.

"Zo Hasna, shinshina mini wannan."

Ta matso ta ja numfashi, ta sake ja, ta dube ni, ta ce da irin Turancin yaran garin nan:

"Nothing lah, Ummi. Babu smell."

Na taɓa goshinta, da ɗumi. Ashe tare za a ɗauke mu.

"Alhamdulillahi," na ji bakina ya faɗa, kan 'yata ba ta da lafiya. Kunya ta kama ni, na rungume ta ina kuka, sannan na ɗauko waya na kira asibiti.