Awon Yatsan Hasiya

Malam Isufu, manomin gyaɗa a Kwaya, ya yi shekaru masu yawa yana zaune da matarsa Hasiya, kuma ya san abubuwa da dama game da ita, ban da kaurin yatsanta. Bai taɓa jin wannan a matsayin giɓi a iliminsa ba, sai shekarar da gyaɗa ta yi albarka, ya ƙudura zai yi mata kado, wato kyautar zoben azurfa, ba tare da ta sani ba.

Ya je kasuwar Magariya wurin Lado, maƙerin farfaru mai aikin azurfa. Lado ya tambayi girman yatsan. Malam Isufu ya ce matsakaici ne, kamar na kowace mace mai mutunci.

"Malam, mutunci ba ya da lamba," in ji Lado. "Ka ɗaura mata zare a yatsa, ka kawo mini zaren."

Dattijo mai furfura ya kama hannun matarsa da rana tsaka, maƙwabta na leƙe ta kan darni, wannan abu ne da Malam Isufu bai ga ubansa ya yi ba, kuma ba shi da niyyar farawa. Sai dai Allah ya ba shi basira. Hasiya sana'arta ƙuli-ƙuli, kuma takan naɗe tunkuza a yatsanta ta fitar da ita kamar zobe kafin ta jefa a mai. Ashe awon da yake nema kullum ana soya shi a tsakar gidansa.

Ranar kasuwa ya saci guda ɗaya, ya hau kabu-kabu yana tallabe da aljihu kamar mai ɗauke da ƙwai. Da isarsa ya ajiye shi a tabarma gaban Lado, suka shiga gaisuwa. Gaisuwar ta yi tsawo, domin sai da aka tambayi lafiyar har jakin gida. Kafin a kai ƙarshenta, Lado ya kai ƙarshen ƙulin.

"Wannan tsaraba ta yi daɗi, sai dai ta yi kaɗan. To, ina awon?"

"Yana cikinka," in ji Malam Isufu.

Kasuwa ta gaba ya zo da leda cike, don kada tarihi ya maimaita kansa. Lado ya riƙa zura su ɗaya bayan ɗaya a sandar ƙarfen da yake auna zobba da ita. Wani ya tsaya a sama, wani ya sauka tsakiya, wani ya zarce har ƙasa.

"Malam, ka ce mini matarka ɗaya ce."

"Ɗaya ce!"

"To, ko dai yatsunta sun fi na sauran jama'a yawa, ko kuwa duk matan unguwarku zan yi wa zobe."

Sai a lokacin Malam Isufu ya tuna cewa ranar suya maƙwabtansu, Fati da Ƙande, sukan shigo taya aiki, kuma Ƙande Allah ya yi mata yatsu kamar taɓare. Ya bar wa Lado ledar, wanda ya karɓa ba tare da ya nuna baƙin ciki ba.

A gida ya tarar da Hasiya zaune gaban kwanon ƙuli, ta kafa kotu.

"Malam, ɓeran da ke shiga ɗakina ya fara zuwa da leda."

"Ikon Allah."

"Har hula yake sawa. Ƙande ta gan shi. In kwaɗayi ne ka faɗa, a daka maka, tunda haƙoran nan naka ba na ƙuli ba ne."

Ya auna al'amarin: ko ya tona asirin zobe, ko ya ƙare rayuwarsa a matsayin dattijon da ke satar ƙulin matarsa, labarin da zai isa har garin Bande kafin la'asar. Ya zaɓi na farko, ya yi bayani yana duban ƙasa.

Hasiya ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi. Sannan ta zare zare daga gefen zanenta ta ba shi, ta miƙa hannu.

"Ga shi. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan yana nan, ba haya na ba da shi ba."

Malam Isufu ya dubi darni hagu da dama, ya kama manuniyarta da yatsu biyu kamar mai ɗaukar garwashi. Gaɓar ta yi kauri, fatar ta yi kanta saboda matsar mai. Ya ɗan daɗe yana kallonta fiye da yadda awo ke bukata.

"Ba wannan ba," in ji ta. "Wannan na aiki ne, azurfa za ta yi baƙi. Gwada sauran, mu ga wanda zai dace. A hankali, Malam, ba korarka ake yi ba."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Daga bayan darni Ƙande ta rangaɗa guɗa, shi kuwa bai saki hannun ba sai da ya ƙulle zaren.