Mai Walda Ba Shi da Ƙarfe

"Sake gwadawa, Malama. Injin nan naku ne ba shi da lafiya."

"Sau biyu na gwada," in ji mai gwajin jinin, tana cire safar hannu. "Na yatsa, da na jijiya. Ba zan ɗebi jininka ba, Malam. Kai ma nema kake."

Mai walda ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. A hawa na biyu matarsa na kwance da tsohon ciki. Gobe da safe za a yi mata tiyata, likita kuwa ya ce ba zai taɓa ta ba sai an ajiye leda ɗaya ta jini. Nata irin mai wuyar samu ne, asibitin ba su da shi. Ranar da suka gano iri ɗaya ne da nasa, dariya ta yi har da ƙwalla, ta ce ashe tun daga jijiya aka haɗa su.

"To me ya same ni?"

"Ƙwayoyin jininka ƙanana ne, duk sun koɗe. Sinadarin ƙarfe ne ya yi maka kaɗan."

"Ƙarfe? Ni?" Ya buɗe mata tafukansa, duk tabon ƙuna. "Shekara goma sha huɗu ina wuni cikin ƙarfe! Shi nake shaƙa, ko tari na yi ƙarfe ne!"

"Ai ba ta hanci yake shiga ba." Ta ja fatar idonsa ta ƙasa, ta leƙa. "Fari fat. Yaushe rabonka da nama?"

Ya kau da kai. Tun da ta samu cikin yake kawo hanta da ƙwai ya ajiye gabanta, ya rantse ya ci nasa a shago. Nasa kuwa baƙin shayi ne da burodi, safe da rana.

"Na gane," ta ce a hankali. "Za a rubuta maka magani. Wata uku, sai mu sake dubawa."

"Wata uku? Gobe ne fa, Malama, gobe!"

"Ba ta da ɗan'uwa? Wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, an fi sa ran jininsu ya zo ɗaya."

Tana da shi. Yayanta, wanda ranar neman aure ya kalli takalman mai walda ya ce wannan ba zai iya ciyar da ƙanwarsa ba. Shekara uku ko gaisuwa ba ta haɗa su. In ya zo, abin da zai fara tambaya shi ne me ya hana mijin bayarwa, ga amsa nan a takarda, da hatimi.

Ya kai bakin ƙofa, ya dawo. Ya ciro waya, ya mayar aljihu, ya sake cirowa.

"Malam, ƙarfe huɗu nake rufewa."

"Kada ki rufe," ya ce. "Yayanta zan kira. Ya faɗi duk abin da zai faɗa mini, in dai a kujerar nan zai faɗe shi, da allura a hannunsa."