Yashin Koci Bawa

"Hidda takalminka, Malam Ja'afar," in ji Bawa. "Ni ƙahwata ta bar magana."

Muna tsaye a bakin gulbi a Argungu, inda ruwa ya ja baya ya bar yashi fari fat. Bawa maƙwabcina ne a unguwar Gesse, katanga ɗaya ta raba mu. Shi ne kocin ƙwallon raga ta yashi a wata kwaleji nan Birnin Kebbi, wasan da ake yi a bakin teku, mutum biyu nan, biyu can. Birnin Kebbi ba ta da teku. Na sha gaya masa haka, ko da bai lura ba.

Yana saurayi ya tafi Ikko neman aiki, tsawonsa ya sa wani ya miƙa masa ƙwallo a bakin ruwa. Ya buga shekaru, har Kwatano an kai shi, ya dawo da kofi ɗaya da gwiwa mai ƙara kamar tsohon ƙyaure. Da kwalejin ta ɗauke shi, da hannunsa ya haƙa fili bayan ɗakunan kwanan ɗalibai ya cika shi da yashin gulbi. Kowace damina ruwa ya kwashe rabi, kowane rani ya zo Argungu ya zaɓi sabo da tafin ƙafarsa. Bana ciwon suga ya kashe masa jin ƙafafun. Bana kuma hukumar kwalejin ta ce in aka dawo hutu filin bai gyaru ba, shaguna za a gina a wurin. Ɗalibai biyu kaɗai suka rage masa, Riskuwa da Abdulƙudus.

Na cire takalmin. Rabona da taka ƙasa da ƙafa tsirara tun ina makarantar allo.

"Mi ka ji?"

"Zafi."

"Ba shi nika tambaya ba. Shina cizo ko shina lasa?"

"Bawa, na karanta littattafai da dama, ban ga inda aka ce yashi na lasa ba."

"Shi ya sa suka bar ka kai ɗai cikin gida, kai da su."

Tun rasuwar matata Adama mutane ke lallaɓa ni kamar ƙwai, shi kaɗai ne bai koyi wannan ladabin ba.

Ya yi mini bayani kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa. Yashin gini yana da kaifi, yana ɗaye gwiwar yaro in ya faɗi. Mai laushi sosai kuma in ya sha ruwa sai ya daskare kamar daɓe. Na tsakiya ake nema. Na taka nan, na taka can, duk abin da na ce masa bai gamsu ba. Can sai ya zauna a kan wani kifaffen kwalekwale ya fara kwance igiyar kambas ɗinsa.

"Hajaratu ta ce kada ka cire," na ce. Hajaratu matarsa ce.

"Hajaratu na Gesse."

Ya miƙe ya yi gaba yana jan ƙafa cikin yashin, kansa a karkace kamar mai sauraron rediyon da batir ya yi wa sanyi. Ina biye da shi na ga sawunsa na hagu yana barin ja. Tsohuwar ƙugiyar masunta ce, ta yi tsatsa, ta shige masa ƙarƙashin babban yatsa. Bai sani ba. Ya tsaya ya nuna ƙasa.

"Wanga ne. Na ji shi."

Na nuna masa ƙafar.

Hammadu mai tifa, wanda ya saba kai masa yashi, ya taimaka muka zare ƙugiyar muka ɗaure wurin da tsumma. "Koci, masu bulo sun riga ka layi," in ji shi. "Amma in na samu sarari ni kawo."

A mota Bawa ya ce kada in gaya wa Hajaratu. Muna isa gida na gaya mata tun kafin in kashe injin. Ta dubi ƙafar, ta dube ni.

"Malam, da na ga da kai za a tahi, sai hankalina ya kwanta."

Ciwon bai warke ba. Yatsan ya yi baƙi, baƙin ya hau. Likita ya ce a yanke ƙafar, Bawa ya ce bai taɓa ganin koci da sanda ba. Sa'ad da ya yarda, likitan ne ya daina maganar. Aka dawo da shi gida, aka shimfiɗa masa katifa a falo ƙarƙashin fanka, Hajaratu na kunna turaren wuta saboda masu zuwa dubiya.

Ranar da na gan shi ƙarshe, da hantsi ne. Ya rame har tsawonsa ya zama abin tausayi, ƙafafun sun zarce katifar.

"Yashi ya zo?"

"Bai zo ba."

"Hilin hwa?"

"Jiya na bi ta wurin. Sun kafa turaku, sun ja igiya."

Ya rufe ido. Na ɗauka barci ne.

"Kai ko ga majinyaci ba ka iya ƙarya?"

"Adama ma ta yi wannan ƙorafin."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Ka ce ma Riskuwa shi bar tsalle da wuri. Kullum shina riga ƙwallo tashi."

Na ce zan gaya masa. Washegari kafin azahar muka kai shi. Riskuwa da Abdulƙudus suka kama gaban makara, tsawonsu ya sa ta karkata baya, gajerun unguwa suna ta miƙa hannu. Daga kwalejin an aiko mutum ɗaya, ya yi addu'a, ya duba wayarsa, ya tafi. Na isar wa Riskuwa saƙon a bakin maƙabarta. Ya ce to, ya ce ai ya samu Keke Napep da zai riƙa ja.

Bayan sadakar bakwai tifar Hammadu ta shigo layinmu. Ya je kwalejin, mai gadi ya ce masa an riga an zuba harsashin gini. Bai san an yi rasuwa ba. Ya tsaya da hularsa a hannu, sannan ya ce shi dai ba zai koma Argungu da kaya ba. Ya juye yashin a ƙofar gidan Bawa, tsibi guda, har ya toshe rabin hanya.

Hajaratu na takaba, ba ta fito ba. Ta aiko a ce duk mai so ya ɗiba.

Da la'asar ina zaune a ƙofata na ga wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta durƙusa gaban tsibin. Ta ɗebi yashin ta murza a tafin hannu, ta gyaɗa kai, ta cika kwanonta. Kafin magariba ƙamshin suyar gyaɗa ya cika layin.