Rabin Fuskar Bilki

Zakari ya ɗaga hannun injin, ya zaro kofin da tsumma, ya tsoma shi cikin bokitin ruwa. Tururi ya tashi. Sai da kofin ya huce sannan ya ɓare takardar hoton a hankali, daga wajen mariƙi.

Yadda na farko da na biyu suka fito, haka na ukun ma ya fito. Kuncin matarsa Bilki na dama ya fito sarai, da idonta, da ɗan kunnen da ya sayo mata a kasuwar Maraɗi. Amma daga hanci zuwa hagu launin sai dushewa yake yi, har ya koma fari kamar an wanke shi da sabulu.

Ya jera shi kusa da sauran biyun a kan tebur. Takardu shida aka bugo masa a Kano da tawadar nan ta musamman, wadda zafi ke mayarwa jikin kofi. Kowace takarda sau ɗaya take aiki. Yanzu saura uku. Direban da ke kawo masa su ta garin Ɗan Issa ba zai sake tafiya ba sai bayan kaka, surukarsa Dije kuwa yau za ta koma garinsu Sarkin Yamma da motar la'asar.

Jiya aka yi sadakar arba'in. Zazzaɓin kwana uku ne ya ɗauke Bilki, a cikin mota, kafin a kai asibitin Maraɗi. Tun ranar rasuwar Dije take zaune a gidan. Ita ta tattara kayan marigayiyar, ta wanke, ta raba sadaka. A mako na biyu ne ta tsaya a ƙofar shagon, ta kau da fuska gefe, ta ce, "Kulu ce ta ce in roƙa mata. Irin kofin nan da kuke yi wa amare. Na yarinyar nan. Ta ce hoton takarda gara na cinye shi."

Kulu ƙanwar Bilki ce. Bilki kuwa ita ce 'yar farin Dije, don haka shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakin uwar. "Yarinyar nan" take cewa, ko "ita wannan". Ko ranar da aka fita da gawa, sauran mata ne suka yi kuka. Dije tana zaune a kan tabarma tana ba su haƙuri.

Zakari ya buɗe littafinsa, inda yake rubuta kowane gwaji. Na farko, minti uku kamar kullum, rabi ya dushe. Na biyu ya ƙara minti ɗaya, gefen dama ya ƙone ya yi ja, na hagu yana nan fari. A na uku ya zargi danshin damina, don iskar tabki tana shigowa shagon ta taga, saboda haka ya shanya takardar a kan injin har ta yi ƙamas. Bai canza komai ba. Ya ja layi a ƙarƙashin danshi. Saura kuran, wato wutar lantarki.

Ya leƙa shagon da ke jikin nasa. Isa mai walda yana durƙushe yana haɗa ƙafar amalanke, tartsatsi na tashi.

"Isa, kashe mini abin nan na minti biyar."

Isa ya ture baƙin gilashinsa zuwa goshi. "Yau kuma ni ne? Duk abin da ya lalace a Madarunfa, Isa ne. Ko nono ya yi tsami, Isa ya ja kuran."

"Minti biyar kawai."

Isa ya dubi fuskarsa, ya bar wasan. Ya kashe injin, ya goge hannu a wando, ya biyo shi. Da ya ga kofunan uku a jere sai ya cire hularsa ya riƙe.

"Allah Ya jiƙan ta," in ji shi. "Na wa ne?"

"Na Kulu. Inna za ta tafi da shi."

"Na Kulu," in ji Isa.

Zakari ya yanke takarda ta huɗu, ya naɗe ta a jikin kofi, ya liƙe da salatif ɗin da ake kira sikoc. Sau biyu sikoc ɗin yana karkacewa. Wannan aikin Bilki ne tun ranar da ya kawo injin, shekara biyu da suka wuce. Ita ke yanka, ita ke liƙawa, ita ke share shagon da sassafe kafin ya dawo daga masallaci. Injin kansa kuwa ya hana ta taɓawa. Yakan ce zai ƙona ta, kuma ba abin wasa ba ne. Takan yi murmushi ta ce to.

Allurar zafi ta hau inda ya kamata, ta tsaya cak. Ya sa kofin, ya danne hannun injin, ya zuba wa agogo ido. Bayan minti uku ya zaro, ya tsoma, ya ɓare.

Rabin fuska.

"To, na fita daga zargi," in ji Isa a hankali. "Amma mai foto, ba kai ke cika mana baki cewa abin nan bai taɓa ba ka kunya ba?"

"Bai taɓa ba."

"Yaushe rabon ka da kunna shi?"

"Tun kafin ta kwanta."

"In ƙarfe bai kama ba, ni ba wuta nake fara zargi ba, matsi nake dubawa. Bar shi ya huce mu gani."

Suka jira. Wata mai kifi ta wuce da tire tana talla, ta gaishe su, suka amsa. Da injin ya yi sanyi, Zakari ya sa ɗaya daga cikin kofunan da suka ɓaci, ya cusa siririyar farar takarda tsakaninsa da robar da ke rungumar kofin, ya danne. Ya ja takardar ta dama, ta ƙi motsi. Ya mayar da ita hagu, ya ja. Ta zaro sumul, ba abin da ya riƙe ta.

Ya kai injin bakin ƙofa, wajen haske. A gefen hagu robar ta lotsa, ta sanƙare, kuma tsakaninta da ƙarfen baya akwai rata da ɗan yatsa zai shiga.

"Wagga lotsawa ba ta jiya ba ce," in ji Isa. "Ta fi shekara."

"Ba zai yiwu ba. Kofi sittin na yi wa 'yan lakwal, yaran makaranta, a watan shida, duka lafiya."

"Ni dai abin da idona ya gani na faɗa."

Zakari ya yanko kwalin sukari, ya ninka, ya cusa a ratar. Ya ƙara ɗaure maɗaurin matsi zagaye biyu. Ya naɗe takarda ta biyar, ya danne. Bai kai minti biyu ba suka ji ƙas. Kofin ya tsage daga baki har gindi, tsagar ta bi ta kan goshin Bilki.

Isa ya dafa kafaɗarsa, ya fita. Bai kuma sake kunna waldarsa ba.

An yi azahar, rana ta karkata. Zakari yana zaune a kan benci da takarda ta ƙarshe a cinyarsa lokacin da ya ji sallama. Dije ce, da ƙunshin kayanta a ka, ta riga ta yafa mayafin tafiya. Ya miƙe da sauri, ya durƙusa, ya gaishe ta idonsa a ƙasa. Ta amsa daga bakin ƙofa, yadda ta saba.

"Mai mota ya ce da an yi la'asar zai tashi."

"Inna, abin ya ƙi."

Ta sauke ƙunshin. Ta tako ciki, abin da ba ta taɓa yi ba yana nan. Ta dubi kofunan biyar ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ko ɗaya ba.

"Mi ya same shi?"

Ya nuna mata, yana magana da injin maimakon ita. Ya ce zafi daidai ne, lokaci daidai ne, amma nan gefen ba ya matse kofin, shi ya sa launin ba ya kamawa. Ya ce akwai rata a bayan robar, ya cusa kwali ya yi kauri. Takarda ɗaya ta rage, kuma bai san kaurin da zai sa ba.

Dije ta daɗe tana kallon ratar. Sannan ta juya masa baya, ta kwance bakin zanenta, ta ciro wani ɗan ƙunshi daga lalita. Ta ajiye shi a kan tebur.

Guntun ɗankwali ne, shuɗi mai zanen ganye. Zakari ya san shi, da shi Bilki ta tare a gidansa. An wanke shi, amma ninkinsa uku suna nan, zafi ya dafa su sun zama layi ja-ja, kuma tsakiyarsa ta lanƙwashe daidai da cikin injin.

"Ranar da nake tattara kayanta na shigo nan," in ji Dije. "Na ga bakinsa ya leƙo. Na ce nata ne, sai na zare."

"Ban taɓa ganin sa ba."

"Ba ta so ka gani ba. Bara da ta je gida ta ba Kulu labari, ina ji daga ɗaki. Ta ce abin naka ya fara fitar da amare da rabin fuska, ka kwana biyu ba ka ci tuwo ba. Ta ce da safe tana shara ta gano inda yake. Kullum sai ta gyara masa zama kafin ka shigo." Ta shafa ƙyallen. "Kulu ta ce ta faɗa maka mana. Ta ce a'a, ka hana ta taɓawa, kuma kana jin daɗin yabon injinka."

Zakari ya tuna waɗannan kwana biyun. Ya tuna yadda a rana ta uku kofi ya fito lafiya, ya shiga gida yana dariya yana ce mata kuran ne, dama ya faɗa. Ta ce masa madalla, ta zuba masa fura.

Ya dubi ƙyallen. Ya ce, "An raba sauran kayan sadaka."

"An raba," in ji Dije. Wannan ɗin kaɗai ta riƙe wa kanta.

Ya zare kwalin, ya sassauta maɗaurin zagaye biyu, ya mayar da shi inda yake. Ya bi layukan da ke jikin ƙyallen ya ninka, ɗaya, biyu, uku. Ya cusa shi a ratar, ya shige kamar dama jiransa ake yi. Ya gwada da farar takarda, ta kama dama da hagu. Ya kunna injin. Ya naɗe takarda ta shida, wannan karon sikoc ɗin ya tafi daidai.

Ya sa kofin, ya danne, suka jira minti uku. Daga nesa ana jin yaran mota suna kiran Maraɗi. Ya zaro kofin, ya tsoma, ya jira. Da ya huce bai ɓare ba, ya miƙa mata da hannu biyu.

Dije ta sa farce ta ɗaga gefen takardar. Kuncin dama ya fito, hanci ya fito, sannan na hagu, launi ɗaya tun daga kunne har kunne, har da ɗan tabon da ke ƙarƙashin idonta tun tana rarrafe. Tsohuwar ta shafa tabon da babban yatsa.

"Bilki," ta ce, can ƙasa-ƙasa. Ta sake cewa, "Bilkisu."

Zakari ya juya ya fuskanci bango, ya yi kamar yana neman wani abu a kan kanta, har sai da ya ji ta ja hanci ta gyara mayafi. Da ya waiwayo ba ta sa kofin cikin ƙunshin kaya ba. Ta naɗe shi a bakin zane, inda ƙyallen yake a da.

Aka kira la'asar. Ya ɗauki tsumma zai zaro mata guntun ɗankwalin.

"Bar shi," in ji ta. "Nan ta sa shi."

Ya ɗaukar mata ƙunshin har tasha, yana tafe a bayanta. Da motar ta tashi ya dawo shago. Isa ya kunna waldarsa. Kofuna biyar suna jere a kan tebur. Zakari ya kashe injin, ya zauna yana jira ya huce, don bakin ƙyallen ya ɗan leƙo, yana bukatar a gyara masa zama.